Madubi Biyu A Gidan Mai Aski

Shafi na 14

Masu turo mini saƙo tun da safe, na ga naku. Da yatsa ɗaya nake bugawa, ku riƙa haƙuri.

"To, mu yi ciniki," in ji Auta.

Mai Aski bai ɗago ba. Yana zaune a kujerar askinsa da ya kwaso daga shago ranar da aka sa dokar kulle, yana goge almakashin da rabonsa da taɓa gashin mutum tun wata uku.

"Ina jinki."

"Yau ka yi mini kai tsaye. Ba ɗauka a gyara ba. Ka zauna, mutane na kallonka a lokacin, minti ashirin kawai."

"Ni kuma me zan samu?"

"Me kake so?"

Sai a nan ya ajiye almakashin. Ya rage murya, don ɗakin Malama ba nisa.

"Ki daina yi mini maganar kawunki. Kullum ki tashe ni da a kira Kawu, a gaya wa Kawu. Uwarki ta sa na rantse ba wanda zai gan ta a haka, ko yayanta. Ba za ki kira shi ba, ba za ki tura masa saƙo ba, ba za ki aika wani ba."

Auta ta murza zoben hannunta.

"Baba, hannun nan ƙara sandarewa yake. Likita cewa ya yi a dawo da ita gashin ƙashi bayan sati biyu. Yau wata biyu da kwana tara."

"Ciniki kika ce ko wa'azi?"

"Na yarda. Ba zan kira shi ba, ba zan tura ba, ba zan aika ba."

"Shike nan. Ɗauko mini farar rigar."

Ga wanda yau ya shigo: Malama matar Mai Aski ce, shekara talatin tana shugabar makarantar firamare, macen da in ta tsaya a bakin aji ko ƙuda sai ya nemi wurin zama. Sati biyu da fara kulle ɓarin jikinta na dama ya shanye, baki ya karkace. Daga ranar ta ce a rufe ƙofa. In yayanta ya kira, tana barci. In ya sake kira, tana wanka. Mijinta ke juya ta, shi ke goge ta, shi ke ba ta abinci da cokali.

Ita kuwa Auta, ita ce ta fari kuma ita ce autar, ita kaɗai Allah ya ba su. Zane ta karanta. Zaman gida ya ishe ta, ga waya ta cika da masu koyar da lafiya: wannan na shan ruwan ɗumi da lemo yana lumshe ido, waccan na miƙe ƙafa a kan darduma tana cewa kowa ya so kansa, wata ta kafa kamara tana kuka ta rubuta a ƙasa wai yau ta zaɓi ta nuna rauninta. Sai Auta ta sa wa ubanta farar rigar aski, ta zana masa tabarau a bidiyo, ta raɗa masa Dakta Numfashi. Shi ya koya wa mutane shaƙar iska ta hancin hagu don arziki, ta dama don haƙuri da maƙwabci. Shi ya ce kowa ya nemi gafarar hantarsa kafin ya karya. Rabin mabiyan sun gane shaƙiyanci ne. Ɗaya rabin har yau suna neman gafarar hanta.

Ƙarfe sha ɗaya Auta ta kafa wayar a kan tulin littattafai, ta ɗaga masa yatsa.

"Jama'a, barkanku da numfashi," in ji Dakta. "Yau ranar bayyana kai ce. Wanda bai nuna kansa ba, bai warke ba. Ni yau komai zan nuna muku."

Ya nuna musu cikin firij, kwalbar ruwa biyu da rabin albasa. Ya ce wannan shi ake kira azumin hikima. Ya cire takalmi ya nuna musu farcen babban yatsansa, ya ce shekara sittin da huɗu suna tare bai taɓa yi masa godiya ba, yau zai yi a bainar jama'a. Ya ɗauko rabin albasar nan ya kanga a ido.

"Ga hawayena. Na gaskiya ne. Ku tura wa mutum goma."

Ya kai hannu kafaɗa ya jawo ƙyallen da ake ɗaura wa wanda ake yi wa aski a wuya, ya share fuska da shi, ya fyace.

Mutane sai dariya suke turowa. Ɗari uku, ɗari bakwai, dubu da ɗari biyu. Can sai dariyar ta fara ragewa. Auta na tsaye bayan wayar tana karanta abin da ke hawa.

Wani ya rubuta: wace ce waccan a madubi?

Wata ta ce: kai, wannan ita ce fasaha. Dakta na ƙaryar kuka a gaba, ga mai ciwon gaske a baya. Na sara wa wanda ya tsara.

Wani ya ce: tsohuwar ta iya, kamar da gaske.

Sai wata ta rubuta: innalillahi. Wannan ba shugabarmu ta firamare ba ce?

Madubin shago biyu Mai Aski ya kwaso gida don tsoron ɓarayi. Babban ya jingine a falo bayan kujerarsa. Ƙaramin ya rataye a lungun da ke kallon ƙofar Malama, ya karkata shi yadda in yana falo, ya waiga kaɗan, zai ga gadonta ba sai ya tashi ba. Aikin masu aski ne, madubi ya miƙa wa madubi. Duk ranar ɗaukar bidiyo, babban a rufe yake da ƙyalle.

Yau a buɗe yake.

A cikinsa ga Malama, ba ɗankwali, gashi fari a hargitse. Ta ɗauka ba mai ganinta. Ta sa hannun hagu ta ɗora na daman a kan kofi, tana son ta ɗaga. Kofin ya tashi kaɗan ya kife mata a ƙirji. Ta tsaya tana kallon rigar. Ta mayar da kofin. Ta sake ɗora hannun.

Minti huɗu aka yi ana kallon wannan, Dakta na gaba yana koyar da yadda ake yafe wa gwiwa.

Ana gamawa Auta ta kife wayar.

"To, na yi ƙoƙari?" in ji Mai Aski yana cire riga.

Ba ta amsa ba. Wayarsa ce ta amsa, ta hau ruri a kan tebur. Ya duba ya ga Yaya ne, kawun Auta. Ya bari ta katse. Ta sake. Ta sake. A na huɗu sai saƙo ya shigo, hoto ɗaya kawai, an yanko madubin an ƙara masa girma.

Mai Aski ya waiga ya kalli madubin. Ya daɗe a haka.

Ko awa ba a yi ba aka buga ƙofa, irin bugun da ba ya jiran a ce waye. Kawu kemis gare shi, yana da takardar izinin fita, duk shingen da ke hanya an san motarsa. Ya shigo da takunkumi a fuska, bai yi sallama ba.

"Tana ina?"

"Yaya, zauna tukuna."

"Barci take ko wanka? Wanne ne yau?"

"Yaya..."

"Kar ka ƙara ce mini Yaya! Wata biyu! Wata biyu ina kira kana karanta mini barci da wanka, na ce a raina wannan ƙanwa tawa ta zama agwagwa ne? Ashe tana kwance ɓari guda a mace. Ni da nake raba wa unguwa magani, sai a waya zan ga ƙanwata, yaron da ke mini shara ne ya miƙo mini ya ce Alhaji duba Dakta!"

"Ita ta hana. Ta sa na rantse."

"Ta sa ka rantse ka ɓoye wa ɗan'uwanta, ka nuna wa duniya?"

"Kuskure ne."

"Kuskure! Kana gaba da albasa kana wa mutane wasan biri, tana baya tana wanka da ruwan sha. Ka san abin da wata biyu ke yi wa hannun da ba a gasa ba? Kai aski ka sani. Gashi in an yanke ya fito. Wannan ba ya fitowa!"

Mai Aski ya rasa inda zai sa kansa, sai ya juya kan 'yarsa.

"Ke ce bayan waya. Kin gani?"

"Na gani."

"Tun yaushe?"

"Tun da na kunna."

"Kika bari?"

"Na bari."

Ya yi taku ɗaya zuwa gare ta ya tsaya. 

"Mun yi magana da ke yau da safe."

"Ban kira ba. Ban tura ba. Ban aika kowa ba."

"Au, lauya na haifa ban sani ba. Uwarki ce fa! Ba ɗankwali! Matar da ko shara za ta fitar sai ta yi kwalli. Kika bar dubun mutane suna kallonta don a ce kin iya zane?"

"Ba don zane ba ne."

"Na ga abin da suke rubutawa. Fasaha. An sara miki. Kin ji daɗi?"

Auta ta share ido da bayan hannu. Ba ta ɗaga murya ba.

"Yatsana na kan wurin kashewa, Baba. Wallahi yana kai. Sai na ga ta sake ɗora hannun a kan kofin. Sau uku tana yi. Ita kaɗai take fama a ɗaki tana son ta warke, mu muna falo muna gadin sirri. Na ce in na kashe, haka za mu kai shekara. Ban ce na yi daidai ba. Amma kar ka ɗora mini duka."

"To wa zan ɗora wa?"

"Wa ya cire ƙyallen?"

 Kawu ya sauke takunkuminsa zuwa haɓa.

"Wane ƙyalle?"

"Wanda ake rufe madubin da shi, Kawu. Bidiyo ashirin da shida muka yi, ban taɓa tuna masa ba, shi ke rufewa da hannunsa, har ya soke gefe da gefe. Yau na shiga kicin ɗauko albasa madubi a rufe. Na fito na tarar da ƙyallen a kafaɗarsa."

"Na ɗauka ne in share hawaye da shi," in ji Mai Aski. "Cikin wasan ne."

"Akwai irinsa guda biyar a jakarka."

"Shi ne kusa."

"Baba, shekara arba'in kana tsaye tsakanin madubi biyu. Kai ne kake ganin ƙeyar mutum kana kallon gabansa. Kai ne in na taɓa na lungun nan da tsintsiya ya goce da faɗin yatsa, kana shigowa za ka ce wa ya taɓa. Kai ne yau ba ka san me madubi zai nuna ba?"

"Ke, ki iya bakinki."

"Kuma da ka zauna ka ja kujerar gefe. Kullum a tsakiya kake zama, bayanka ya rufe rabi. Yau ka matsa."

Kawu ya kalle shi sama da ƙasa.

"Kai, gaskiya ne?"

Mai Aski ya buɗe baki. Mutumin da ke iya riƙe shago da surutu daga safe har yamma, ya sa mai sauri ya manta da saurinsa. Ba abin da ya fito.

Daga ɗaki aka ji ƙarar kofi a ƙasa. Ba faɗuwa ya yi ba, jefo shi aka yi.

Su uku suka tsaya a bakin ƙofa kamar ɗaliban da aka kira ofis. Malama ta jawo zanen gado da hannun hagu ta rufe kanta. Rigar har yanzu a jiƙe. Kawu na ganinta ya dafa bango.

"Haba ƙanwata. Haba. Ni za ki ɓoye wa? Ni da na goya ki?"

Ba ta kalle shi ba. Ta miƙa wa Auta hannu. Maganarta a hankali take fita, kalma ɗaya sai ta huta, amma wanda ya zauna da ita yana ganewa.

"Wayar."

"Mama, ki bari sai..."

"Wayar."

Auta ta kunna ta riƙe mata. Muryar Dakta ta cika ɗakin, yana cewa wanda bai nuna kansa ba bai warke ba. Mai Aski ya runtse ido. Malama ta kalla har ƙarshe, ba ta kawar da kai ba ko sau ɗaya, har wurin da kofin ya kife.

"Mutum... nawa?"

"Lokacin dubu da wani abu ne."

"Yanzu."

Auta ta duba. 

"Dubu talatin da takwas. Na goge nawa, Mama, amma wasu sun riga sun kwafa. Ɗalibanki ne suka fi yawa. Addu'a suke ta yi, wallahi, wata ma cewa ta yi..."

Malama ta ɗaga hannu. Auta ta yi shiru. Ɗaga hannun nan ya taɓa tsayar da yara ɗari shida a filin makaranta.

"Baban Auta."

"Na'am, Malama."

"Matso."

Ya matso ya durƙusa a gefen gadon, inda yake durƙusawa kullum in zai juya ta.

"Na ji... duka. Tambaya ɗaya." Ta numfasa. Yawu ya zubo ta gefen bakin, ya kai hannu zai goge yadda ya saba, ta kawar da fuska. "Mantawa... ka yi? Ko gajiya?"

Kawu ya ce, "Ƙanwata, bar wannan yanzu, mu tafi asibiti."

"Yaya. Shiru."

Mai Aski ya kalli ƙasa. Da zai ce mantuwa da ta wuce, ko ba ta yarda ba za ta bar masa ita ya rufe fuska. Ya sani. Shekara talatin da shida bai taɓa yi mata ƙarya ta kwana ba.

"Ban zauna na shirya ba, Malama. Allah shaida. Na tashi da safe bayana kamar an sare, na juya ki, na ga hannun ya ƙara lanƙwashewa. Na zo zan wuce ta gaban madubin sai na ga hannuna ya cire. Na ce zan mayar. Ban mayar ba." Muryarsa ta karye. "Na gaji. Ba da ke ba. Na gaji da zama ni kaɗai na sani."

"Da ka... faɗa mini."

"Na faɗa sau nawa? Kika ce na rantse."

"Da ka karya... a gabana. Ka kira Yaya... ina kallo. In yi fushi... in huce." Ta tsaya ta tattaro numfashi. "Ba ta... bayan madubi ba."

 Auta na kuka ba sauti.

"Yaya. Ɗauke ni," in ji Malama.

Mai Aski ya zabura zai tallabo ƙafafunta.

"Ba kai ba."

Auta ta matso.

"Ba ke ba."

Kawu, da shekarunsa saba'in da ciwon bayansa, ya sunkuya ya gwada. Ya ɗaga kafaɗunta ya kasa, ya mayar a hankali yana haki. Ya miƙe ya dafe ƙugu.

"Ƙanwata, ki yi fushinki, kina da gaskiya. Amma ni kaɗai ba zan iya ba, kuma ga wata magana. Na kira asibitin ina hanya. Akwai gado. Sai dai dokarsu yanzu, mai jinya ɗaya tak, kuma in ya shiga ya shiga ke nan, ba fita ba musanya sai an sallame ku. Zai iya kai wata biyu. Ni ba za su bar ni ba saboda shekaruna, ga kemis. Dole ɗaya cikin biyun nan. Wanda ya rage ko bakin ƙofa ba zai leƙo ba."

Malama ta kalli mijinta a durƙushe. Ta kalli 'yarta da waya a hannu.

To, ga yadda cinikin safe ya tashi. Dakta Numfashi ya ci riba, mabiyansa sun ninka uku kafin la'asar, har ana roƙon a sake kawo tsohuwar madubi. Kawu ya samu ƙanwarsa. Hannun dama ya samu asibiti, in ba a makara ba. Auta ta samu abin da ta nema ba tare da ta saɓa kalma ɗaya ba, ta kuma rasa idon da za ta kalli uwarta da shi. Malama ta rasa abin da ta fi tsaro a duniya, a hannun mutum biyun da ta ba ajiyarsa. Mai Aski ya sayi shiru da safe, kafin azahar ya sayar da rantsuwa.

Saura babbar asarar, ta wanda za a bari shi kaɗai a gidan nan.

"Wa za ki tafi da shi?" in ji Kawu.

Malama ta saki zanen gadon, ta fara ɗaga hannun hagu za ta nuna.